Muhawara: Wace hanya yaro zai bi ya zama masanin duwatsu da ma'adinai a aikin gwamnati?

Baban Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗan yayana ne ya nemi likitanci, makinsa bai kai ba, jami'a ta ba shi jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ma'adinai. Yanzu gida ya rabu biyu. Wasu na cewa ya karɓa, wasu na cewa ya zauna ya sake JAMB baɗi, wai karatun fasa dutse ba ya kai mutum ko'ina. Na san akwai masu wannan fanni a zauren nan. Don Allah a warware mana: me ake karantawa, shekara nawa, kuma in ya gama ta wace ƙofa ake shiga aikin gwamnati da shi?

Malam Na Samaru: Wa alaikumus salam Baban Khalil. Tunda an riga an ba shi gurbi, maganar shiga ta wuce, amma don amfanin wasu: ana son kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, lissafi, kimiyyar sinadarai da fizik. A JAMB kuwa Turanci ne da darussa uku, galibi lissafi da fizik da sinadarai, ko da yake wasu jami'o'in suna karɓar bayoloji ko jogarafi a madadin ɗaya, don haka a duba littafin JAMB na shekarar. Wanda ya yi IJMB ko difloma mai dangantaka yana iya shiga aji biyu kai tsaye.

Shekara huɗu ne a jami'o'i irin su ABU Zariya, Bayero, Jos, Maiduguri da Usmanu Ɗanfodiyo. A jami'o'in fasaha kamar ta Minna da ATBU Bauchi shekara biyar ne. Aji ɗaya duk ɗaliban kimiyya tare suke cakuɗe. Daga aji biyu ake shiga ainihin abin: sanin ma'adinai da siffar ƙirarsu, da rukunin duwatsu uku, wato waɗanda suka daskare daga narkakken dutse, da waɗanda suka taru shimfiɗa bisa shimfiɗa daga yashi da laka, da waɗanda zafi da matsi suka sauya musu kama. Aji uku ake shiga tsarin lanƙwasa da tsagewar duwatsu, da ruwan ƙarƙashin ƙasa, da awon ƙasa da na'urori, sai fita sanin makamar aiki na wata shida. Ajin ƙarshe kowa zai karɓi yankinsa ya zana taswirarsa da kansa.

Wurare biyu yara suka fi faɗuwa. Na farko duban dutse a madubin ƙara girma. Ana yanka dutsen, a manna shi a gilashi, a yi ta gogewa har kaurinsa ya dawo milimita 0.03, haske na ratsa shi. A wannan kaurin farin dutsen nan da ake kira kwaz yana fitowa toka-toka zuwa fari. In ka ga ya yi rawaya, gugar ba ta kai ba, kuma duk sauran launukan da za ka karanta sun gurɓace. Wanda idonsa ba ya bambance launuka sosai zai sha wahala a nan, gara a gwada masa ido tun yanzu. Na biyu shi ne mutum ya kalli taswira a shimfiɗe ya hango yadda dutsen ya nutse a ƙarƙashin ƙasa. Wannan hadda ba ta yi masa magani, sai yawan zane da yawan fita.

Dattijon Tudun Wada: Malam Na Samaru ya faɗi tsarin aji, ni zan tsaya a kan wancan aikin taswira na ajin ƙarshe, don shi ne ke raba wanda ya iya da wanda ya riƙe takarda kawai. Yarana ku saurara.

Ana ba ɗalibi yanki, a ba shi taswirar ƙasa mai ma'aunin 1:50,000, shi kuma yakan faɗaɗa ta zuwa 1:25,000 don ya sami wurin rubutu. Kayan aikinsa guduma, kamfas mai auna karkata, gilashin hannu mai ƙara girma sau goma, na'urar GPS, littafin daji mai kauri, fensir, jakunkunan samfur, alƙalamin maka, da 'yar kwalbar asid mai rauni, kashi goma cikin ɗari. In ka ɗiga asid ɗin a kan dutse ya yi kumfa yana tsiyaya, dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi a Kalambaina da Ashaka.

Ba hanyar mota ake bi ba, rafi ake bi, domin ruwa ya riga ya wanke maka dutsen. Kuma ana ratsa shimfiɗun duwatsu ne a gicciye, don a gamu da iri-iri, wanda ya bi su a tsaye zai wuni a kan dutse ɗaya. Kowane fa da ka tsaya a kai, ka ba shi lamba, ka rubuta inda yake, ka fasa ka ga cikinsa sabo, don bayan dutse ruɓaɓɓe ne, launinsa yaudara ne. Ka auna inda shimfiɗar ta miƙa da yadda ta karkata, ka ajiye guduma nesa da kamfas kafin ka auna, ƙarfe na jan allurar. Sannan ka tabbata dutsen a mazauninsa yake, ba gangarowa ya yi daga tudu ba. Awon da aka yi a kan dutsen da ya mirgino ba shi da amfani ko kaɗan, kuma yara da yawa a nan suke ɓata taswirarsu.

Akwai wani kuskure da har ma'aikata ke yi. Tsofaffin taswirorinmu a kan tsarin lissafin wurare na gida da ake kira ma'aunin Minna aka zana su, GPS kuwa a kan na duniya, WGS84, yake zuwa. In ba ka daidaita ba, wurin da ka ɗiga zai goce da gomman mitoci. A taswirar makaranta ƙaramin abu ne, a iyakar filin haƙar ma'adinai kuwa shari'a ce. Kuma kafin ka taka dajin kowa, ka fara gaida dagaci ko mai unguwa da takardar makaranta, ka nemi ɗan gari ya raka ka. Shi ya san inda fa yake, ya san inda ba a shiga.

Baban Khalil: Allah ya saka da alheri Baba. To ƙofar aikin fa?

Abu Hafsat: Ƙofofin suna da yawa, sai dai kowace ƙunƙunta ce. Abu na farko da za a gane: tsarin mulkin Najeriya ya sa ma'adinai da man fetur a hannun gwamnatin tarayya kaɗai. Saboda haka aikin ma'adinai na gaske a tarayya yake, jihohi kuma sun fi ɗaukar masu wannan karatu don aikin ruwa da muhalli.

A tarayya uwa ita ce hukumar binciken duwatsu ta ƙasa, NGSA. Asalinta tun 1919, bayan binciken ma'adinai da Turawa suka fara a Kudu a 1903 da Arewa a 1904, kuma ta daɗe hedikwatarta na Kaduna kafin Abuja. Har yanzu babban ɗakin gwaje-gwajenta yana Kaduna. Aikinta zana taswirar duwatsun ƙasa, gano inda ma'adinai suke, da bibiyar motsin ƙasa irin wanda aka ji a Kwoi a 2016 da Mpape a 2018. Sai Ma'aikatar Ma'adinai kanta, mai sashen sa ido kan wuraren haƙa, da sashen kula da muhalli, da sashen ƙananan mahaƙa, kuma tana da jami'i a kowace jiha. Sai ofishin rajistar filayen haƙa, wanda ke ba da lasisi a ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007. Akwai hukumar neman albarkatun sarrafa ƙarfe a Kaduna, da cibiyar horar da ma'adinai ta NIMG a Jos. A ɓangaren ruwa akwai NIHSA mai bibiyar ruwan koguna da na ƙarƙashin ƙasa, da hukumomin raya kogunan ƙasa kamar Hadeja-Jama'are da Sakkwato-Rima, da cibiyar albarkatun ruwa ta Mando a Kaduna. A ɓangaren mai akwai NUPRC mai sa ido, da kamfanin NNPC, wanda aikin haƙar mai na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe ya sa 'yan Arewa suka ƙara waiwayarsa.

Ita Ma'aikatar kanta ta hannun Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya ake shigarta. Hukumomi masu zaman kansu kuwa su ke ɗauka da kansu in sun sami izini, tare da sa idon hukumar raba daidai tsakanin jihohi. Dole takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da ta haihuwa. Shekarun haihuwa su zama ɗaya a duk takardu har da NIN, domin wannan saɓanin ya hana mutane da dama shiga tsarin biyan albashi bayan sun karɓi takardar kama aiki.

Mai digiri na farko yana farawa a matakin albashi na 8. Shekara biyu yana gwaji, ya ci jarrabawar dokokin aiki, a tabbatar da shi. Daga nan ƙarin girma duk bayan shekara uku in akwai gurbi kuma ya ci jarrabawa: 9, 10, sai a tsallake zuwa 12 don babu 11 a wannan tsari, 13, 14. Daga 15, wato mataimakin darakta, zuwa 17, wato darakta, shekara hurhuɗu ne. Ritaya shekara 60 da haihuwa ko 35 da aiki, duk wadda ta riga zuwa. Wasu hukumomin suna da nasu jadawalin albashi, amma tsanin kusan haka yake.

Gaskiya Tsirara: Ku yi haƙuri manya, amma kada a zuga yaro. Duk shekara jami'o'i na yaye masu wannan karatu ɗaruruwa, su kuma waɗannan hukumomi sai su yi shekaru ba su ɗauki mutum a fili ba. Wanda ya shiga ma, kuɗin fita daji a kasafin manyan ayyuka yake, shi kuma ba ya fitowa a kan kari. Lokacin aikin daji daga Nuwamba ne zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe, rafuka sun janye, dutse ya fito. In kuɗi ya zo a Yuli, damina ta rufe komai. Ga rashin tsaro: duwatsun da suka fi zinari, wato layin Anka da Maru da Birnin Gwari, su ne ba sa shiguwa. Har gwamnati ta hana haƙa a Zamfara tun 2019, sai ƙarshen 2024 ta ɗage. Mutum ya karanta daji ya ƙare a ofis yana juya fayil, ina amfanin?

Dattijon Tudun Wada: Ɗana, abin da ka faɗa game da lokacin sakin kuɗi gaskiya ne, kuma ciwo ne da ke damun duk mai kishin wannan aiki. Amma zaman ofis ba zaman banza ba ne ga wanda ya san abin yi. Tsakanin 2003 da 2010 an bi kusan duk ƙasar nan da jirgin sama ana auna maganaɗisun duwatsu da tururin nukiliya da suke fitarwa, layi da layi tazarar mita 500, jirgin na tafiya mita 80 daga ƙasa. Wannan bayanin yana nan jibge. Ma'aikacin da ya iya sarrafa shi a kwamfuta zai fitar da manyan tsagogin ƙasa da iyakokin duwatsu yana zaune, in rani ya zo kuma ya san daidai inda zai taka, maimakon ya yi ta yawo. Wanda bai iya ba shi ne zai juya fayil. Shi ya sa nake cewa yaro ya koyi manhajar taswira tun yana aji biyu. QGIS kyauta ce, ƙaramar kwamfuta ma tana ɗaukarta.

Gaskiya Tsirara: Na yarda Baba, amma wannan bai amsa maganar samun aikin ba.

Maman Sadik: Bari in amsa maka ta ɓangaren ruwa, don nan ne aikin ya fi yawa a Arewa, kuma nan ne aka fi ƙarancin ƙwararru. Kowace jiha tana da ma'aikatar ruwa, da hukumar ruwa, da hukumar ruwan karkara ta RUWASSA, ga ayyukan da ake yi da UNICEF da sauran masu tallafi. Rijiyar burtsatse nawa ake haƙawa a shekara, kuma nawa ke ƙafewa kafin bazara ta biyu? Yawancin waɗanda suka ƙafe tun ranar safiyo, wato awon neman ruwa kafin haƙa, aka kashe su.

Ƙasar Arewa iri biyu ce wajen ruwa. Kano ta kudu, Katsina ta kudu, Kaduna, yawancin Zamfara, suna kan tsohon dutsen gindi ne. Shi wannan ba ya riƙe ruwa a jikinsa, sai a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa. Shi ya sa za a sami ruwa a gidan nan a mita 40, maƙwabci ya haƙa mita 80 ya tashi da ƙura. Sakkwato, Kebbi, Borno, Yobe da gabashin Jigawa kuwa shimfiɗun yashi da laka ne, ruwan a kwance yake, tambayar ita ce wace shimfiɗa kuma a wane zurfi. A Maiduguri hawa uku ne, na sama kusa, na tsakiya ya wuce mita 250, na ƙasa ya kai wajen 500. A yankin Kerri-Kerri tsakanin Bauchi da Gombe da Yobe ruwa na da zurfi ƙwarai, wanda ya yi kasafi da ƙiyasin Kano zai tsaya a rabin hanya.

A kan dutsen gindi ana safiyo da na'urar da ke tura lantarki cikin ƙasa ta sanduna huɗu a jere, biyu na waje suna turawa, biyu na ciki suna aunawa. Ana ta nisanta na wajen har kowace ta kai mita 100 ko fiye daga tsakiya. Kura-kuran da aka saba: a ja waya mita 50 kacal sannan a rubuta rahoton abin da ke mita 100. A yi awo kusa da taransifoma, ko bututun ƙarfe a binne, ko shingen waya. A kafa sanda a busasshiyar marmara ba a zuba mata ruwa ba, lantarkin ya ƙi shiga. Mafi muni, a ga adadin da na'urar ta nuna ya yi ƙasa sosai a ce ruwa ne, alhali yumɓu ne. Yumɓu na wuce da lantarki kamar ruwa, amma ba ya sakin ruwa. Na'ura ba za ta raba maka su ba, sai wanda ya san duwatsun yankin kuma ya duba bayanan rijiyoyin da ke kusa.

Ranar haƙa kuma aikin jami'in gwamnati shi ne ya tsaya a bakin ramin. Duk mita ɗaya ko biyu a ɗebi garin da iska ke fitarwa a jera a ƙasa tsibi-tsibi, ka ga ja na marmara, ya koma ruwan ƙasa mai laushi, ya koma tsakuwa-tsakuwa mai danshi, sannan baƙi-baƙi mai kaifi na lafiyayyen dutse. Daga wannan jerin ake sanin inda za a sa bututu mai tsaga, ba daga bakin ɗan kwangila ba. A zuba tsakuwa wankakkiya a kewaye, a toshe mitocin sama da siminti don ruwan kwata kada ya gangara, a wanke rijiyar har ruwa ya yi garau, a yi gwajin ja na awanni ana auna yadda ruwan ke sauka da yadda yake dawowa. Sai an ga wannan ake zaɓen famfo. A sa babban famfo a rijiya mai ƙaramin ruwa, ya ja iska ya ƙone. A nisanta daga masai aƙalla mita 30, a kai ruwan gwaji, domin a wurare irin su Kaltungo da Langtang sinadarin fulorayid ya wuce miligiram 1.5 a lita, yana ɓata haƙoran yara.

Yaron da ya iya wannan ba ya zama ba aiki, ko gwamnati ta kira shi ko ba ta kira ba.

Ɗan Tawa: Sannunku da aiki. Hajiya, shimfiɗun nan na Sakkwato ba su tsaya a Illela ba, su ne suka wuce ta Ƙonni da Tawa har Mali, kwari ɗaya ne, Iullemmeden. Mai karanta ruwan Gwandu ko dutsen Kalambaina zai amfana da rahotannin wajenmu, sai dai da Faransanci suke. A nan Nijar yaro na bi ta Jami'ar Abdou Moumouni ko makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai, ko EMAIR a Agadas ga masu matsakaicin mataki, aikin gwamnati kuma da gasar jarrabawa ake shiga. Yuraniyom na Arlit ya riƙe fannin tun 1971, amma da mahaƙar yuraniyom ta COMINAK ta rufe a 2021 mutane sun ga haɗarin dogara da ma'adini ɗaya. Man Agadem da zinari da ruwa su ne suka ɗauki wasu. Shawarata yaronku kada ya kulle kansa a fanni ɗaya tun digirin farko.

'Yar Jos: Ina da tambaya ga manya, kuma ina ga ta shafi Baban Khalil. In ya gama bautar ƙasa, ya wuce digiri na biyu kai tsaye ko ya jira aiki?

Malam Na Samaru: Ni ina ganin ya wuce. Mai digiri na biyu galibi a mataki na 9 ake ɗaukarsa, mai digirin digirgir a na 10. Ga tallafin asusun raya fasahar man fetur, PTDF, na karatu a gida da waje, wanda ke son sakamako mai kyau, daraja ta ɗaya ko ta biyu babba. Kuma zaman jiran aiki yana cinye ilimi.

Abu Hafsat: Malam, a nan na saɓa maka. In aiki ya samu, ya kama, ko da ya fara karatun. Girma a gwamnati daga ranar kama aiki ake lissafa shi. Wanda ya shiga a 8 yau, bayan shekara uku yana 9, an tabbatar da shi, fanshonsa na taruwa, kuma yana iya neman hutun karatu da albashinsa, ya sa hannu zai dawo ya yi wa hukumar aiki. Wanda ya tafi karatu, shekara biyun da aka ce kan zama uku ko huɗu, ya fito kuma ƙofa a rufe. Sannan wanda ya yi aiki tukuna ya san abin da zai karanta. Ya ga matsalar rijiyoyin wata ƙaramar hukuma da idonsa, bincikensa zai yi amfani.

Malam Na Samaru: In aikin ya samu ba mu da saɓani. Maganata kan wanda bai samu ba ne, kada ya zauna.

Dattijon Tudun Wada: Duk ku biyu kun manta rajista. Majalisar injiniyoyin ma'adinai da masana duwatsu, COMEG, wadda doka ta 40 ta 1990 ta kafa, ita ke ba da izinin yin wannan sana'a. Ƙungiyar masana ma'adinai da duwatsu ta NMGS kuma, tun 1961 take, ya shiga tun yana ɗalibi, ya riƙa zuwa taron shekara, nan ake sanin masu ɗaukar aiki. Amma ga gargaɗi. Mai neman lasisin bincike dole ya nuna yana da ƙwararre mai rajista, saboda haka za a riƙa zuwa wa ma'aikaci da kuɗi a ce ya ba da hatiminsa a sa a rahoton filin da bai taɓa takawa ba. Ka'idar ɗa'ar ma'aikata ta hana ma'aikacin gwamnati gudanar da wani kasuwanci in ba noma ba. Kuma ka duba girman abin: lasisin bincike na iya kai murabba'in kilomita 200 na shekara uku, na ƙananan mahaƙa murabba'in kilomita 3, babban lasisin haƙa shekara 25. Sa hannu ɗaya na ƙarya na iya jefa gonakin ƙauyuka cikin rikici na tsawon wannan lokaci.

Gaskiya Tsirara: To ai mutane na zuwa da duwatsu a leda suna tambaya ko zinari ne ko litiyom. Wannan ma ba zai duba musu ba?

Dattijon Tudun Wada: Zai duba, aikinsa ne, amma ya faɗi iyakar abin da ido ke iya gani. Akwai dutse mai ƙyalli ruwan tagulla da ke ruɗin mutane. Ka goga shi a bayan fasasshen tangaran, in ya bar baƙin layi ba zinari ba ne, in ka buga shi da guduma ya farfashe. Zinari layinsa rawaya ne, kuma bajewa yake yi ba ya fashewa. 'Yar na'urar hannu da ake haska wa dutse ba ta ganin litiyom sam, don ya yi mata sauƙi da yawa, kuma ba a dogara da ita a kan ƙaramin zinari. Sai ɗakin gwaji, inda ake narka giram 30 ko 50 na garin dutsen. Ko shi ma samfur ɗaya da mai fili ya zaɓo da hannunsa ba ya nuna arzikin fili, don mafi kyau ya ɗauko. Ana ɗiba ne a jere a gicciyen jijiyar, kuma cikin kowane ashirin a saka ɗaya wanda aka san babu komai a cikinsa, da ɗaya maimaici, da ɗaya wanda aka riga aka san adadinsa, don a kama ɗakin gwajin in ya yi kuskure.

Maman Sadik: Baba, a ƙara da abin da ya faru a Zamfara a 2010, don shi ne ke nuna nauyin wannan kujera. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, dutsen zinarin yana haɗe da dalma mai yawa, dangin dutsen kwalli. Aka riƙa kawo shi cikin gida ana daka a turmi ana niƙa a injin hatsi, ƙura ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Gwajin dutsen da wuri zai nuna dalmar, kuma maganin a bayyane yake: a fitar da niƙa daga gari, a niƙa da ruwa don kada ƙura ta tashi, a canza kaya a yi wanka kafin a shiga gida, a daina ƙona zaiba a inda ake girki. Jami'in da zai zauna da mahaƙa ya faɗa musu wannan da Hausar da suke ji, a gaban dagacinsu, shi ake buƙata, kuma 'ya'yanmu ne suka fi dacewa da shi.

'Yar Jos: Kuma kada a ce na maza ne kawai. Ɗakin gwaji, sarrafa taswira, ingancin ruwa, ofishin lasisi, duk mata na ciki, dajin ma suna fita tare da ajinsu.

Baban Khalil: Alhamdu lillahi, na gamsu, zan kai wa yayana wannan bayani gaba ɗaya. Tambaya ta ƙarshe: me za mu tanadar masa yanzu?

Malam Na Samaru: Aji ɗaya ba ya buƙatar komai sai ya riƙe lissafi da sinadarai da kyau, don makin shekarar farko yana bin mutum har ƙarshe. Daga aji biyu a saya masa takalmin daji mai rufe idon sawu saboda maciji da ƙaya, hula mai faɗi, guduma ta duwatsu ba ta kafinta ba don ta kafinta tana ɓantarewa ta shiga ido, gilashin hannu, da kwamfuta mai ƙwaƙwalwa aƙalla gig 8. Kamfas yana da tsada, sashe kan ba da aro. A riƙa ajiye kuɗin fita daji daban, kusan kowace shekara akwai shi kuma ba ya cikin kuɗin rajista. Wata shidan sanin makamar aiki kuma a fara nema masa wuri tun zangon da ya gabata, ya kai takardarsa da kansa ofishin NGSA na kusa, ko RUWASSA ta jiharku, ko kamfanin haƙa rijiyoyi mai injinsa na kansa, ya roƙi a haɗa shi da ayarin da ke fita.